Sha Huɗu da Sittin da Takwas

Motar Magarya ta sauke Sagiru da la'asar,
ɗan ƙanwata, daga Babura,
takardar sakamako a ninke cikin hula.
Tun bai sha ruwan baƙunta ba ya shimfiɗa ta bisa tabarma:
sittin da takwas.

Fassuma tawa ta shige ɗaki ba ta ce uffan ba,
ta fito da tata,
wadda mushe ya sa wa hannu da jan bik:
sha huɗu.

Inna Cima ba ta taɓa zaman bencin kowa ba,
amma ta san sittin ta fi sha huɗu
ko a awon gero, ko a garken awaki.
Ta tsamo cinyar zabo daga miya
ta aje gaban baƙo.

Na ce, Inna, dakata.
Su bisa ɗari ake auna su, mu bisa ashirin.
Tiya daban, mudu daban.
Fassuma ta ɗauki gawayi ta duƙa gindin bango:
sha huɗu sau biyar, saba'in.
Ta miƙe tana kaɗe hannu
kamar wadda ta gama sussuka.

Ya ce, to ajinki nawa?
Ta ce, na bar na shida, zan shiga na biyar.
Dariya ta kada shi har hula ta faɗi:
ashe da baya kuke tafiya, kamar mai tufka igiya!
Ta ce, rijiya muke gina,
sauka ake yi a tarar da ruwa.
Ku da kuke hawa, me kuka tsinko a sama?

Ya yi mata gorin farar riga da wando shuɗi,
da layin safe, da hedimasta mai bulala.
Ta yi masa gorin dawowa gida da tsakar rana
a sha fura, a koma ƙarfe uku,
da hutun da ke cinye damina ɗungum.

Sai zance ya sauka ƙasa.
Ajinta na zana ne a Karkada,
ba a kafa shi sai an yanke kara.
Nasa na bulo ne, iska ta kwashe kwanon tun bara,
su tasa'in, rabi a ƙasa.
Mushenta wata uku yana leƙen albashi, ta ce gireb.
Malaminsa haka, ya ce yajin aiki.
Nan suka yi shiru,
kamar mutum biyu da suka gano a tasha
cewa kakarsu ɗaya.

Na miƙa musu kaye da biro,
na ce kowa ya rubuta sunan kakansa.
Ta ja baƙi bakwai: Oumarou.
Ya ja huɗu: Umar.
Inna ta karɓi takardar a juye,
ta daɗe tana duba.
Ta ce, wanne ne mijina?
Muka ce, duka biyun.
Ta ce, ni dai ɗaya na aura,
kuma bai taɓa jin an raba shi a Babban Mutum ba.

Ta miƙa hannu ta ɗauke cinyar,
ta mai da ta kwanonta.
Sai ranar da kuka daidaita mudu, in ji ta.

Da dare famfon Birni bai kawo ba.
Ina kwance ina jin su a zaure
suna ciniki da ɗan garuwa,
jarka shida, dala goma-goma.
Ba wanda ya nemi gawayi.
Ba Faransanci, ba Ingilishi.
Baki ɗaya suka ce dala sittin,
da harshen da ba a ba kowa maki a kansa ba.